Kunkuru a Takardar Awara

Har yau in na ga awara ƙunshe a takarda sai raina ya ɓaci, kuma ba laifin awarar ba ne.

Lokacin ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta a Maigatari. Yayana direban babbar mota ya kawo mini tsarabar wani littafi mai hotuna, cike da labaran al'ummu daban-daban kan yadda duniya ta fara. Wasu sun ce daga ƙwai ta fashe, wasu sun ce wani ne ya sato mana wuta daga sama, wasu kuma sun ce a bayan kunkuru take zaune. Duk Alhamis nakan fassara wa yara guda ɗaya. Hedimasta da kansa yakan raɓe a taga yana washe baki.

Kuskurena, da rana tsaka nake ba su labaran, alli a hannu, kuma ban taɓa farawa da "ga ta nan ga ta nanku" ba. A wurin yaro kuwa, duk abin da malama ta faɗa a gaban allo karatu ne. Wata yarinya ta koma gida ta shaida wa kakanta, malamin tsangaya, cewa a bayan kunkuru muke.

Washegari tsohon ya zo ofis, ba faɗa ba hayaniya. Ya ce mini, "'Yata, tatsuniya ba laifi ba ce, mu ma da ita muka tashi. Amma ki buɗe ta yadda ake buɗewa, ki rufe da ƙurunƙus, yaro ya san wasa ne."

Da a nan aka tsaya, da shi ke nan. Sai hedimasta ya zube ƙasa yana cewa: "Allah gafarta Malam, wallahi ban san da littafin nan ba!" Mutumin da ya taɓa tambayata ko kunkurun ba ya gajiya! Tsohon ya ce shi ba hanawa ya zo yi ba, amma ina. Hedimasta ya fizge littafin, ya ce in ya sake jin zancen kunkuru a bakina, in nemi wani aikin. Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba.

Ashe mai awarar bakin ƙofar makarantarmu ya ba littafin, ta riƙa ƙunshi da shi. Bayan mako biyu yarinyar nan ta shigo aji da gudu, riƙe da shafi ɗaya duk mai da yaji.

"Malama, ga kunkurunmu! To shi a kan me yake tsaye? Kin ce za ki faɗa mana."

Na san amsar. Na ɗaga kai, sai ga hedimasta a taga.

Na ce, "Jefar da ƙazantar nan, ki je ki wanke hannu."

Ta dube ni, ta dubi kunkurun, ta jefar.