Tukunyar da Saratu ta saya saboda ƙafata

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Ku da kuka saba ganin ina tsokanarku, yau zancen daban ne.

Akwai tabo a ƙaurina na hagu mai faɗin tafin hannu. Shekara kusan saba'in duk wanda ya tambaye ni sai in ce ƙuruciya ce. Yau na yi niyyar faɗa, tun ina da sauran numfashi.

Kafin a ba mu mulkin kai ne, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a ƙauyenmu kusa da Ɗansoshiya. Kututturen dawa ya yanke ni a gona. Ɗan ciwo ne, ban ma gaya wa kowa ba.

Cikin wata biyu ya zama gyambo. An sa garin bagaruwa, an ɗaura ganye, wanzami ya yi nasa. Ciwo sai faɗi yake yi. Wari ya sa ƙawayena suka daina zama kusa da ni, wannan ya fi ciwon ƙona mini rai.

Wani mai fataucin shanu ya gaya wa Baba cewa akwai ɗakin shan magani na 'yan mishan a ƙasar Tudun Wada. Baba ya yi kwanaki yana jan ƙafa, sannan ya sayar da akuya ya ɗora ni a jaki. Inna tana jego, don haka mu biyu muka tafi. Kwana biyu muka yi a hanya.

Malamin asibitin ya wanke ciwon da wani ruwa mai raɗaɗi, ya sa ɗan ƙarfe ya taɓa har ciki. Ya ce bai kai ƙashi ba tukuna, amma in ya kai, sai Kano, can kuma yanke ƙafar za a yi. Allura kwana shida, sule biyu. Wanki kowace safiya har ya warke.

Na ji tsoro ƙwarai. Amma a ranar na ƙudurta a raina cewa da ƙafa biyu na zo, da ƙafa biyu zan koma.

Ba mu san kowa ba a garin. Muna zaune gindin tsamiya sai wata mata ta sauke tulunta ta gaishe da Baba. Sunanta Saratu, Kirista ce, ita da mijinta Bawa. Ba ta tambayi asalinmu ba, ba ta kuma toshe hanci ba. Ta ce akwai ɗaki a gidansu. Bawa ya share wa Baba wurin salla, ya nuna masa gabas.

Baba ya karɓi ɗaki, amma bai karɓi abinci ba. Yana tsoron yankan da ba na Musulmi ba, yana kuma tsoron ko an taɓa dafa giya a tukwanen. Bai faɗa musu ba, kunya ta hana shi. Kullum Saratu za ta ajiye tuwo a bakin ƙofa, kullum ya koma yadda ya zo. Mu kuwa garin geron guzurinmu muke damawa da ruwa, shi ma yana ta ƙarewa.

Kwana goma sha biyu ana haka, ko sau ɗaya ba ta ɓata fuska ba. Ni da an yi mini haka, da tun kwana na uku na daina, kun san halina.

Ranar da malamin asibiti ya ga ciwon ya ƙi haɗuwa, ya tambayi abin da nake ci. Da ya ji, sai ya ce wa Baba allura ba ta gina tsoka, yarinyar nan nama take bukata da ƙwai da wake, in ba haka ba mu fara shirin Kano.

A hanyar komawa na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi wa Baba magana ido da ido. Na ce ba za a yanke mini ƙafa ba.

Saratu tana asibitin tana shara lokacin, ta ji komai. Washegari ranar kasuwa ce. Da la'asar ta shigo da sabuwar tukunya da sabon ludayi, da kaza a hammata. Ta durƙusa ta ajiye wuƙa a gaban Baba.

Ta ce, "Malam, tukunyar nan ba ta taɓa hawa murhu ba. Ka yanka da hannunka, da bisimillarka. Ni dafawa kawai zan yi."

Baba ya daɗe yana kallon wuƙar. Sannan ya tashi ya fuskanci gabas ya yanka.

Kaji bakwai gare ta. Ranar da muka bar gidan saura ɗaya.

Mako na uku da fara cin girkinta, jan nama ya soma tasowa daga gefen ciwon. Kullum da safe nakan dafa katanga in taka zuwa asibiti, ina ƙara taku a kan na jiya. Bayan wata biyu aka cire bandeji.

Baba ya miƙa wa Saratu abin da ya rage na kuɗin akuya, ta ƙi. Ni kuma na ƙi hawa jaki. Kwana uku muka yi maimakon biyu, amma a ƙafata na shiga gidanmu.

Shawarata: ciwon da ya wuce mako bai nuna alamar warkewa ba, a kai shi asibiti. Mai jinya ya ci abinci mai gina jiki, magani kaɗai ba ya isa. In kuma baƙonka ya ƙi cin abincinka, kada ka yi fushi, ka nemi abin da ya hana shi.

Na gode wa Allah da ya bar mini ƙafata. Na gode wa malamin nan da ban ma riƙe sunansa ba.

Saratu kuwa ban samu na gode mata da bakin babba ba. Bayan shekara ashirin na koma da maigidana, na tarar ta rasu. Surukarta ce ta tarbe mu, ba ta san ko mu su wane ne ba. Ta ba mu ruwa, ta shiga ɗaki ta sauko da wata tsohuwar tukunya daga inda take rataye, ta ce wannan ta baƙi ce, haka suka tarar ana yi a gidan.

Sannan ta kama kaza, ta miƙa wa maigidana wuƙa.