Romon Talotalon Yaya Tránsito

Yayata Tránsito da hanci ta rayu. Tun muna yara a garinmu Juayúa takan tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga kai kamar barewa, ta ce wa mahaifiyarmu waken ya nuna, alhali ko murfin tukunyar ba ta gani ba. Da wannan hancin ta yi shekaru tana sayar da abinci a rumfar tashar mota. Da shi ta raini ɗanta Rutilio bayan mijinta ya faɗo daga motar ɗaukar buhunan kofi bai sake tashi ba, da shi kuma ta gina gidan da take ciki, mai tanderun ƙasa a bayansa da bishiyar lemo guda da kaji masu yawo inda suka ga dama. Ni ƙanenta ne, Inocencio, amma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Chencho. Gidana na kallon nata, titi ne kawai a tsakaninmu.

A tsakiyar daminar bara mura mai tsanani ta kwantar da ita. Ta tashi, tarin ya tafi, ƙarfinta ya dawo, amma hancin bai dawo ba, harshen ma ya bi shi. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma sai da aka fara girbin kofi na gane. Duk shekara idan injinan casa suka fara zubar da ɓawon, wani wari mai tsami yakan sauko ya kwanta a kan garin, kuma duk shekara Yaya ce ke fara tsine masa tun kafin kowa ya ji. Wannan karon warin ya zo ya zauna, ya shiga tufafinmu da shimfiɗunmu, ita kuwa tana sharar ƙofar gida tana waƙar coci. Na tsallaka na tambaye ta. Ta dubi tsintsiya, sannan ta ce in na bari maganar ta fita daga bakina, to in nemi wata yayar.

Tsoronta yana da dalili. Rutilio ya riga ya gyara mata ɗaki a gidansa na bene a birnin San Salvador, ya sa gado da labule mai furanni. Tun lokacin da ta zame a banɗaki ya ce ranar da ya ga ba ta iya kula da kanta, ba zai ƙara shawara da kowa ba, zai ɗauke ta. Yaya ta taɓa kwana a ɗakin nan. Ta ce tagarsa bangon wani gida take kallo, babu ƙasa, babu kaza, ko tofar da yawu mutum zai yi sai ya nemi izini. Tsohuwar da ba ta jin ƙauri, ba ta jin warin gas, kuma ita kaɗai take kwana, ba sai an yi wa Rutilio dogon bayani ba.

Ga shi kuma jajibirin Kirsimeti ya matso, ranar da duk dangi suka sani ta talotalon Tránsito ce. Gasa talotalo kowa na iyawa. Romon ne nata. Takan tara man da ruwan da suka tsiyaye daga jikin naman, ta haɗa da gasasshen tumatir da haɗin kayan ƙamshin nan da muke kira relajo, wato riɗi da 'ya'yan kabewa da gyaɗa da busasshen barkono mai faɗi da ganyaye, ta markaɗa, ta tace, ta mayar kan wuta har ya yi kauri ya yi ja kamar ƙasar tudu bayan ruwa. Ba ta taɓa aunawa ba. Hanci ne ke ce mata sauke, harshe ya ce mata ƙara.

Da sassafe ta turo min kiran da ta saba, wato jifan rufin kwanona da 'ya'yan lemo. Na same ta a bayan gidanta ta riga ta hura tanderu. Talotalon da ta yi kiwo tun yana ɗan tsako yana kwance a babban tire, an shafe shi tun jiya da tafarnuwa da yajin mustad, an soke jikinsa an cusa zaitun. Idanunta sun faɗa, alamar ba ta yi barcin kirki ba.

"Yau kai ne hancina, Chencho," in ji ta. "Allah ya isa tsakanina da wanda bai bar min kowa ba sai kai. Mutumin da ya ci ruɓaɓɓen kifi a bikin Fidelina ya ce a ƙaro."

Na ce mata kifin nan bai ruɓe ba, gajiya kawai ya yi. Ba ta yi dariya ba.

Ta sa hannu a bakin tanderu ta ji zafin, wannan kam fata ce ke gaya mata, ba ta bukatar kowa. Muka tura tiren ciki ta rufe da marfin kwano. Daga nan ta ɗora kaskon ƙasa a murhu ta zuba relajo. Wannan ne wurin da ake faɗuwa. Riɗi ba ya jira. Tsakanin ƙamshinsa da ɗacinsa bai fi numfashi kaɗan ba, kuma idan ya yi ɗaci babu tumatirin da zai rufa masa asiri. Ta aike ni in ɗauko mata ludayin itace a ɗakin girki. Ina dawowa na ji shi tun daga ƙofa, ƙauri mai kama maƙogwaro. Yaya na tsaye a kan kaskon, fuskarta a cikin hayaƙin, tana juyawa a hankali da natsuwar wadda ta san aikinta. Daga sama launin bai canja sosai ba, ƙasan ne ya ƙone.

Na janye kaskon. Ta dube ni, ta dubi kaskon, ta kai shi daf da hancinta ta ja numfashi mai tsawo. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ban taɓa ganin yayata ta tsufa ba sai a wannan lokacin.

Na ce bari in je kasuwa in sayo wani. Ta ce a'a, mai sayar da kayan ƙamshin ƙawar surukar Rutilio ce, kafin rana ta take labari ya kai birni cewa Tránsito ta sayi relajo sau biyu. Ta tona toka ta binne wanda ya ƙone, ta kakkaɓe ragowar da ke cikin kwalba, ɗan kaɗan ne, iyakar na tukunya guda. Wannan karon ta ware su, kowane iri ta soya shi shi kaɗai. Ta sunkuya ta kasa kunne tana sauraron 'ya'yan kabewa suna kumbura suna fashewa, ni kuma na durƙusa a gefe ina shinshina kamar karen farauta. Da riɗi ya fara tsalle na ce sauke, ta ce tukuna, na ce wallahi sauke, ta sauke. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinmu ba.

Rana ta ɗaga. Lokaci zuwa lokaci mukan buɗe tanderu ta ɗebi romon da ya taru ta kwarara a ƙirjin talotalon, fatar na ƙara duhu tana sheƙi. Yaran unguwa sun fara fasa abubuwan wasan wutarsu, duk wanda ya tashi sai ta zabura. Ta tambaye ni ko gidan na ƙamshi. Na ce yana yi. Ta ce irin na bara ko wani iri? Na ce irin na bara. Ta ce ƙarya nake yi, ba na iya tuna abin da na ci jiya.

Na kai markaɗe na dawo, ta tace ta juye a babbar tukunya tare da man tiren. Saura gishiri. Tun bayan murar nan abincinta ya yi ta ƙara gishiri ba ta sani ba, domin shi kaɗai ne take ɗan jin inuwarsa a harshe, ni kuma na yi ta ci ban ce komai ba har bakina ya saba. Ta barbaɗa kaɗan ta miƙo min cokali. Na ce ya yi. Ta ƙara ta miƙo. Na ce ya yi. Ta ce in duka biyun sun yi, to ɗaya bai yi ba. Na sake ɗanɗanawa har harshena ya daina bambance komai, sai zafi.

Akwai abin da muke tsoro fiye da gishirin. Al'adar gidan ce idan Rutilio ya iso, kafin ya ajiye jaka, sai ya shiga ɗakin girki ya tsaya a bayan uwarsa. Ita kuma ta ɗebi romo ta ɗanɗana a gabansa ta faɗi abin da ya rage, ta gyara, sannan a ce Kirsimeti ta zo. Ba wanda ke sa cokali a tukunyar nan sai ita. Matarsa Eduviges ta yi shekaru a cikin dangin, yankan kokwamba da burodi ne iyakarta. Muka shirya cewa zan tsaya a bakin ƙofa, in romon na son gishiri in taɓa kunne, in tsami yake so in taɓa haɓa.

Sun iso da wuri, rana ba ta ko karkata sosai ba. Eduviges ce ta fara shigowa ta ƙofar baya da kwandon burodi. Ta tsaya kusa da tokar, hancinta ya ɗan motsa, ta dube ni. Na dubi bishiyar lemo. Ta gaishe ni, Kawu Chencho ina gajiya, ta wuce.

Rutilio ya rungume uwarsa ta baya, ya ce tun daga kan gada yake jin ƙamshin, ta faɗa masa me ya rage bana. Yaya ta ɗauki cokali ta ɗiba ta hura ta kai baki. Ta dube ni ta saman kafaɗarsa. Hannuna ya tashi ya tsaya a tsakanin kunne da haɓa, domin gaskiya ban sani ba. Tukunyar na ta tafasa a hankali. Tana iya cewa gishiri, ta barbaɗa, kowa ya tafa, a ci romon yadda ya fito, mai kyau ko marar kyau, ɗanta ya koma birni bai san komai ba. Na ga tana auna wannan a ranta. Ta dubi romon, jan nan da ta yi rayuwarta tana kare mutuncinsa, ta daɗe.

Sai ta ɗauraye cokalin ta juya ta miƙa wa surukarta.

"Zo, 'yar nan. Ɗanɗana ki gaya min gaskiya."

Eduviges ta goge hannu a jikin rigarta kafin ta karɓa. Ta ɗanɗana, ta rufe ido. Ta ce, a hankali kamar mai taka ƙwai, gishirin ya ɗan wuce, Mama, amma in akwai sauran gasasshen tumatir zai dawo. Ta ce riɗin kuwa ya yi daidai.

"Daidai?" in ji Yaya.

"Daidai, Mama."

Rutilio ya tsaya yana kallonsu, murmushinsa bai gama sauka ba. Yaya ba ta juya gare shi ba, tana ɓare tumatir ta yi maganar.

"Hancina ya mutu tun damina, Tilo. Harshen ma haka. Yanzu ka sani. Bari a gama romon tukuna."

Na ga idon Rutilio ya tafi kan tukunyar gas da ke kusurwa, daga nan ya koma kan labulen da ke kusa da murhun gas ɗin, daga nan ya dawo kaina. Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun girbin kofi. Ya gyaɗa kai ya fita tsakar gida, muka ji yana zagaya bishiyar lemo.

Matan biyu suka gyara romon, ɗaya na zubawa ɗaya na ɗanɗanawa. Aka fito da talotalon, aka yayyanka, aka tsaga burodi aka cika da nama da ganye, aka malala romon har yana bin yatsu zuwa gwiwar hannu. Dangi suka taru suka ci suka yaba. Yaya ta ci nata tana kallon bakunan mutane, a nan take neman ɗanɗanon.

Washegari da safe aka yi maganar, a ƙarƙashin lemon. Rutilio ya ce ta haɗa kayanta. Ta ce ba ta haɗawa. Ya ce gas ba ya sallama kafin ya kashe mutum. Ta ce to ya ɗauki gas ɗin, ai ba ita ta haife shi ba. Eduviges ce ta kama wannan maganar ta riƙe. Ta ce wutar itace ana ganinta da ido, hayaƙinta ma haka, kuma murhun a waje yake. Ta ce Kawu Chencho yana da hanci ko da ba shi da harshe, ya dawo ɗakin da babu kowa ya riƙa kwana. Rutilio ya daɗe yana murza goshi. A ƙarshe ya ce zai gani zuwa bikin Ista, kuma ko tsumma ya ji an ce ya ƙone, maganar ta ƙare.

Da za su tafi, shi da kansa ya kwance tukunyar gas ya ɗora ta a kujerar baya, inda ya yi niyyar zaunar da uwarsa. Yaya ta tsaya a ƙofa tana kallon motar har ta sha kwana.

Yanzu a gidanta nake kwana. Ista na matsowa, kuma duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ta ajiye abin da ke hannunta. Kowace safiya kafin ta hura wuta takan sa ni in zagaya ɗakuna ina shinshinawa, tana biye da ni. Shekaranjiya lemon ya fara fure. Ta tsaya a ƙarƙashinsa ta ce in gaya mata yadda yake. Na yi iya ƙoƙarina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ba haka yake ba, in sake.