Babur ɗin da Aka Yi wa Saukar Doki

Cikin dukan shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni shaida a kan ɗigon mai ba. A lokacin ina magatakarda a biron serkal, wato ofishin gundumar Zinder, jim kaɗan bayan an mayar da kujerar mulki Yamai, aka bar mu da manyan gine-gine da ƙananan Nasara masu girman kai. Ina ba ku labarin, ku da kuka shigo aiki a bayanmu, domin ku san irin hukumar da muka yi wa hidima.

Mataimakin kumandan na wancan zamani saurayi ne da ke ƙin hawan doki, saboda haka aka kawo masa babur. Mai kula da babur ɗin shi ne Kafaran Mamman, tsohon soja da ya koyi aikin ƙarfe a bariki, mutum mai cika baki, wanda bai taɓa ɗaure kusa ba tare da ya sanar da duk unguwar Zango ba. Ba na cikin masoyansa, amma ya iya aikinsa.

Da kaka ta yi aka fara rangadin ƙauyuka, sai babur ya soma zubar da mai daga akwatin giya, wato ƙullin ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, inda haƙoran canjin gudu suke juyawa cikin baƙin mai. Man yana bin sarƙa, sarƙa tana watsa shi a ƙafar baya, ragowar kuma tana sauka a farin wandon mataimakin kumandan. Da a ƙasa kawai yake zuba, da har yau ba a yi maganar ba. Wandon ne ya mayar da shi al'amarin hukuma.

Mamman ya bi ƙa'idar aiki. Ya ƙara ɗaure kusoshi. Ya yanka sabuwar takarda mai kauri ya sa tsakanin akwatin da murfinsa. Ya canja zoben ulu da ke tare mai a wuyan sandar da ke jan sarƙa. In babur yana gari, ƙasansa a bushe yake. Da an fita rangadi an komo, sai ya dawo jage-jage. Daga nan mataimakin kumandan, cikin zurfin iliminsa, ya gano cewa Mamman yana sace man gwamnati yana tsinka ragowar da wani abu. Ya ce in babur ya sake ɗiga, zai kulle shi a kaso, daga can a tura shi fasa dutse a hanyar arewa. Ga wanda bai san zamanin ba, Nasara yana da ikon yin haka da bakinsa kaɗai, babu alƙali, babu ɗaukaka ƙara. Mamman yana da iyali da tsohuwar uwa, kuma duk mun san yadda ake komowa daga hanyar arewa, in an komo.

Babur ya sake ɗiga bayan rangadin yankin Damagaram Takaya. Aka tsare Mamman, aka ce a buɗe akwatin a gabana in rubuta abin da na gani, domin ko zalunci a wurinsu yana bukatar takarda mai hatimi. Aka fito da shi da gardi, wato dogarin Nasara, a bayansa. Ranar ce ta farko da na ga ya yi aiki shiru.

Ya wanke akwatin tas, ya barbaɗe shi da garin gero domin a ga inda danshi zai fara ɓullowa, sannan ya tayar da inji. Bai fito ta murfi ba, bai fito ta kusa ba. Ta can sama ya ɓullo, ta ƙaramar ƙofar da akwatin ke shan iska, inda mai ba shi da dalilin kaiwa. A gefen akwatin akwai wata kusa da ke nuna iyakar inda mai ya kamata ya tsaya. Da Mamman ya kwance ta, sai mai ya yi tsartuwa har kan takalmina. Akwatin a cike yake maƙil. Man kuwa ga shi ja-ja, ga kauri babu, kuma da zafin inji ya taɓa shi sai farfajiyar biro ta ɗauki ƙamshin rumfar mai tuyar ƙosai. Kafin mu gama kallon juna, kiyashi sun kafa layi zuwa kwanon da muka tara.

Mamman ya dangwala ya lasa, ya dube ni ya ce, "Malam, rubuta da kyau. Wannan ɓarawon ƙara wa gwamnati yake yi."

Na juya ga Gardi Tanko, wanda ke gaba da doki a kowane rangadi yana shirya masauki, na tambaye shi ko ya san yadda man gyaɗa ya shiga babur. Ko gezau bai yi ba. Cikin alfahari ya ce shi ya tsaya aka zuba, bisa umarni.

Umarnin kuwa da hannuna na rubuta shi. A rangadin farko, mataimakin kumandan ya fusata ganin an karɓi dawakin gardawa an kai su inuwa, an zuba musu dawa da harawa, babur ɗinsa kuma an bar shi a rana kamar tsohuwar garma. Ya sa aka sanar da kowane maigari cewa daga yau a yi wa abin hawansa saukar da ake yi wa dokin kumandan. A Damagaram kuwa, wanda ya bar dokin babban baƙo da yunwa ya zubar da mutuncin garinsa. Maigarin farko ya ajiye wa babur dawa da ruwa, bai taɓa ba. Hankalinsa ya tashi, ya tambayi Tanko abin da dabbar take ci. Tanko ya ce mai take sha, ya nuna bakin da ya ga Mamman yana ɗurawa. Labari ya riga babur isa gari na gaba, kowane maigari yana neman ya fi maƙwabcinsa karamci, har ana sa mata su yi sabuwar matsa saboda baƙon.

Na shiga na yi wa mataimakin kumandan bayani dalla-dalla, cikin ladabi. Sannan ya tambaye ni wane dabba ne ya ba da wannan umarni.

Na ce, da girmamawa irin ta Faransanci, "Mushe, a rubuta sunansa a rahoton?"

Ya ce ba sai an rubuta ba. Dalilin ɗigon da aka aika Yamai, da sa hannunsa, shi ne tsananin zafin ƙasar.

Mamman ya tsiyaye akwatin, ya ɗauraye shi da kananzir, ya sa sabon zoben ulu domin wancan ya jiƙe ya saki, ya zuba baƙin mai daidai bakin kusar gefe. Babur bai ƙara ɗiga ba. Da la'asar aka sallame shi, tare da gargaɗin ya riƙa lura. Haƙuri kuwa ba a ba shi ba, domin babu shi cikin kayan da ake aiko mana daga Faransa.

Na nemi a janye umarnin. Aka ce janyewa zai nuna wa talakawa cewa hukuma tana kuskure. Abin da aka yi shi ne, aka hana zuba wa babur mai, ba a hana kawo shi ba. Shekara da shekaru ƙauyuka suna fitar da man saukar babur, ana ɗora tuluna a jakuna zuwa madafar mataimakin kumandan, har bayan babur ɗin ya mutu kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa.

Abin da na koya ke nan. Makanike in ya ga mai a ƙasa, sama yake bi har ya iske inda ya fito. Hukuma in ta ga ɓarna, ƙasa take bi har ta iske wanda ba shi da kowa a ƙarƙashinsa. In an ba ku takarda ku rubuta, ku tuna wa ke tsaye a can ƙasan.