Irin Gyaɗar Kaka a Ramin Gafiya

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen bazarar 1976, washegarin ruwan farko. Ƙasar Rawayya tana ta ƙamshin nan da take yi idan ta sha ruwa bayan doguwar ƙishirwa, ni kuma ina haɗa littattafaina zan tafi makaranta, sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Maigida, zo ka jawo min buhun nan, in dai tuwon da kake ci yana kaiwa ga hannu." Haka take kirana, irin wasan jika da kaka. Na durƙusa a bayan gadonta na kara, na tattara ƙarfina na finciko buhun, sai ga ni zaune a ƙasa. Ba shi da nauyi. Gindinsa a huje yake, ƙarƙashin hujin kuma wani rami ne mai santsin baki.

Irin gyaɗarmu ke cikin buhun. A daminar da ta wuce wata cuta ta bi gonaki ta nannaɗe ganyen gyaɗa, mutane suka tono saiwa babu 'ya'ya. Ɗan abin da muka tsira da shi Kaka ta zaɓe da ɓawonsa ta ɓoye, ko ƙuli-ƙuli Inna, mahaifiyata, ba ta soya ba a shekarar. A kasuwar Bunguɗu iri ya yi wuya, wanda ake kawowa daga Gusau kuwa Baba bai yarda da shi ba.

Zama da ɓeraye ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Rumbunanmu a kan duwatsu suke, kowace kaka a yaɓe su da sabuwar laka, wake kuma a cuɗe shi da toka a tulu a liƙe bakin. Muna da wata farar kyanwa da ta fi son inuwar turmi a kan farauta. Aikina ne kafin in tafi wasan langa in kife ƙwarya a kan ɗan tsinke, in soka gasasshiyar gyaɗa a jikinsa, in ɗora dutse a sama. Wata rana a kama, wata rana a tarar an cinye gyaɗar an bar mana ƙwarya a tsaye. Ɓera yana ɗibar rabonsa, muna zaginsa, shekara ta zagayo.

Kaka ta shafa ƙasan wurin da tafin hannu, ta ce, "Ɓera yana barin ɓawo inda ya ci. Wanga aikin gafiya na. Ba ta ci ba, jida ta yi." Gafiya takan cika kumatunta ta kai rami ta tara. A raina sai na riƙa ganin wani gida a ƙarƙashin namu, da ɗakuna da soraye, da wata uwargida mai dogon gashin baki tana jera dukiyarta cikin duhu.

Baba ya zo ya duba, ya ce a kawo tuluna a ɗura ruwa, ko a hura hayaƙin ƙaiƙayi da barkono, kamar yadda kowa ke fitar da gafiya. Kaka ta ce ba namanta take nema ba. Ruwa zai ruɓar da iri, wuta kuma ta kashe shi. Haƙa za a yi. Ranar ban ga makaranta ba. Aka fitar da gado da ƙore da tukwane tsakar gida, Baba yana sara da fartanya a hankali, ina kwashe ƙasa a kwando, muna zura karan dawa don mu ga inda ramin ya nufa. Da rana ta take, karan ya nuna ya bi ta ƙarƙashin bangon gabas.

Baba ya ajiye fartanya. Ɗakin nan marigayi Kakanmu ne ya gina shi da tubalin da ya murza da hannunsa, a cikinsa kuma aka haifi Baba. Ya ce wa Kaka, "Inna, in na sare gindin bangon ga, ba ya kai ƙarshen damina." Kaka ta daɗe tana kallon bangon, inda hayaƙin fitilarta ya yi baƙin zane har zuwa jinka. Sannan ta ce, "Ɗaki da rani aka gina shi. Iri fa, da mi za ka gina shi? Sara."

Ya sara. Can bayan la'asar fartanya ta faɗa wani kogo mai faɗin masaki, ga gyaɗarmu a tare, busasshiya, haɗe da ƙwallayen goruba da wani tsohon cokalin Inna. Gafiyar ta riga ta fice ta wata ƙofar da ke bayan danga, ba wanda ya ga ko wutsiyarta. Abin da muka kwaso ya fi rabin buhu. Muka kwana biyu muna ɓarewa, aka shuka a gonar bayan gari, ta fito kore shar.

Baba ya cike ramin da duwatsu da laka, ya tokare bangon da itace. Duk da haka, a cikin marka, wata safiya muna karyawa, bangon ya zauna a hankali kamar raƙumi, jinka ta biyo shi. Kaka ta riga ta kwashe kayanta zuwa ɗakin Inna. Ta dubi tarin ƙasar, ta ƙarasa shan kununta. Da rani Baba ya gina mata sabo, ya fi tsohon faɗi, amma har ta rasu ba ta taɓa kiransa ɗakina ba, sai dai ta kama sunan Baba ta ce "ɗakin da Audu ya gina."

Yanzu ina zaune a Gusau, a gidan siminti, inda gafiya ba ta da wurin haƙa. In ɓera ya dame mu, yara su sayo guba a bakin titi, kwana biyu a share gawarsa. Iri kuwa a leda yake zuwa, da hoton gyaɗa a jiki, ba wanda ya san gonar da ya fito ko hannun da ya zaɓe shi. An huta, ba shakka. Sai dai ban ƙara ganin wanda ya ba da ɗakinsa don shukar baɗi ba.