Fatar Akuyar Layya da Banjon Maƙwabcina

Ni dai boko ban yi nisa ba. Ina aji uku a Kumasi malamin ya ce ko ni in bar makarantar ko shi ya bari, sai na tausaya wa iyalinsa. Abin da na ƙware a kai shi ne cika baki, shi ne kuma ya rako ni har garin Greensboro na Amurka.

A unguwar Glenwood muke haya, ni da matata Hajiya. Maƙwabcinmu wani dattijo ne baƙar fata, haifaffen garin, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a masaƙar yadin jins kafin a rufe ta. Da yamma mukan zauna a barandarsa yana ba ni labari: yadda jiniyar masaƙa ke tada unguwa, da lokacin da ɗalibai baƙaƙen fata suka zauna a wani kantin abinci na tsakiyar gari suka ƙi tashi sai an sayar musu kamar kowa. Rabin Turancinsa nake ji, sauran in cike da gyaɗa kai.

Wata rana ya fito da banjo, abin kiɗa mai kama da gurmi, sai dai ƙoƙonsa na katako ne. Na kakansa ne, wanda ke kaɗawa a gonakin taba idan an gama girbi. Fatar ta tsage. Danginsu za su yi taron shekara a garin Pleasant Garden, kuma yayarsa, wadda tsufa ya zaunar, ta ce tana so ta sake jin sa tun tana da rai. A shago an ce roba za a sa masa, ya ƙi.

Na ce, "Ai wannan gurminmu ne ya zo Amurka ya yi ƙiba. Kawuna makaɗi ne, a gabana ake ɗaura fata. Bar mini."

Gaskiya ne a gabana ake yi. Aikina a wurin dai korar ƙuda ne.

Babbar Sallah ta zo, muka tafi gonar da 'yan zango, Hausawanmu na Ghana, ke yanka a McLeansville. Kowa ya kama rago, ni na kama akuya, don fatarta ta fi amo.

"Alhaji, an rage maka awoyi a wurin aiki ne?" in ji wani abokina direban tasi.

"Likita ne ya hana ni kitse."

"To tumbinka bai samu saƙon ba."

Fatar layya ba a sayar da ita, kyauta ake yi, kuma maƙwabci ya fi cancanta. Na jiƙa ta da toka a gareji. Kafin mako ya zagayo, Hajiya ta tsaya a ƙofa da mayafi a hanci.

"Alhaji, ko ni ko akuyar nan."

"Akuyar ta riga ta mutu, Hajiya, ke ce da nasara."

Wajen kankare gashi na huda gefe ɗaya, na yanke yatsa, na koma ɗaya gefen. Ranar ɗaurawa dattijon na riƙe da ƙoƙon, ni ina ja ina buga ƙananan ƙusoshi. Katakon ya girme mu duka. In ya tsage, babu inda zan samo masa wani kakan. Bai tsage ba. Da ta bushe muka ƙwanƙwasa, ta amsa tar.

Ranar taro aka yi ruwa da safe, rana ta biyo baya da danshin nan na jihar Carolina mai manna riga a jiki. Aka turo yayar a kekenta na marasa lafiya har gaba, jikoki suka yi shiru. Dattijon ya taɓa tsirkiya, sai muka ji kamar an daki katifa. Fatar ta saki. Ya juyo ya kalle ni.

Nan na tuna kawu ba ya fara kiɗa da damina sai ya nuna wa fata wuta. Na duba filin kaf, wuta ɗaya ce: wadda ake gasa alade a kai. Na yi istigfari, na gyara hula, na tsaya ta inda iska ba ta kaɗo hayaƙin. Ina juya banjon nesa-nesa da garwashi, ina taɓawa da yatsa, don in zafi ya yi yawa fashewa za ta yi a gaban mutane. Mai gashin ya miƙo mini yanka, na ce masa likita ya hana.

A hankali amon ya dawo. Na kai masa da saurin da gwiwata ta yarda.

Ya fara bugawa da bayan farce, babban yatsa na tsinkar gajeriyar tsirkiya. Tsohuwar ta rufe ido, ƙafarta na dukan matakin keken. Can ta ɗauko waƙar da ƙaramar murya, daga tsakiya, inda ta tuna. Ƙanin nata ya rage gudu ya jira ta, suka tafi tare har ƙarshe. Ta buɗe ido ta ce wani abu, jikarta ta fassara mini a Turancin da zan gane: wai a sake, kuma kada mai hular nan ya yi nisa da wuta.