Rabon Hajo a Ganuwar Kebbe

Ni ban yi boko ba, amma abin da kunnena ya ɗauka a gindin murhun kakata, Inna Tumba, bai zube ba har yau da nika da jikoki. A Kebbe munka tashi. In an yi magariba an ci tuwon gero, sai ta jawo tabarma kusa da wuta, tana tura mana gyaɗa cikin toka, ni da Bello da sauran jikokinta.

"Ku matso, ga ta nan tafe gare ku."

"Ta iso lafiya, Inna!"

"Kai Bello, fid da hannunka cikin tokar nan, ba ta gasu ba. Wagga ba ƙage ba ce, ta gidanmu ce."

Ta ce zamanin da gari ke cikin ganuwa, kowace shekara bayan girbi akan raba gyaranta gida-gida. Gidan da bai tsai da rabonsa ba kafin ruwan farko, sai ya kwashe ya koma bayan ganuwa, can inda kura da mahara ke yawo. To, shekarar da mijin Hajo, kakar Inna, ya rasu ya bar ta da ɗiya mata uku, sarkin magina ya auna mata rabonta daidai da na kowa.

Wahalar ba ɗora tubali ba ce, kwaɓin ƙasa ne. Sai ƙarti sun yi ta tattake ta da ciyawa kafin ta kama. Ana wucewa ana yi mata ba'a: "Hajo, ki fara ɗaure tukwanenki tun da sauran rana!"

Hajo ta miƙe. Ta yafa zane ta nufi rugar Fulanin da ke shayar da shanu a rijiyarta duk rani, ta durƙusa gaban dattijonsu.

"Baffa, ƙafafu nika roƙo."

"Na mutane?"

"Na shanu."

Inna kan tsaya nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Hajo da ɗiyanta sunka jiƙe ƙasa sunka watsa ciyawa, Fulani sunka kafa garke a kai. Shanu sunka yi ta taka, kashinsu na gauraya, har ƙasa ta yi danƙo. Mata sunka murza tubali sunka ɗora, sunka yaɓe da makuba, ruwan kwasfar ɗorawa mai hana bango jiƙa, sannan sunka ja zane da yatsunsu tun yana ɗanye. Ruwa ya sauko, rabon Hajo na tsaye, ba ta ɗaga ko ludayi daga gidanta ba.

"Ta ƙare, kowa ya kakkaɓe zanensa."

Yanzu ganuwa ta kwanta, sai tudu nan da can. Jikokina kan zo daga Tambuwal bisa babur su nuna mini hotunan fadoji da soraye masu zane cikin waya, wai sun cancanci a je a gani. Sun yi kyau, ban musa ba. Ni kuwa tudun nan nika kai su, in ce su cire takalmi.

Ina yarinya na ɗauka wayon Hajo ake yabo. Sai da na binne nawa mijin, aikin gona ya fi ƙarfina, na je ƙofar maƙwabci na kasa sallama don kunya, sannan na san tafiyar nan tata zuwa ruga ta fi ginin wuya. Na tsaya, na tsaya, na ce ni jinin Hajo ce. Na yi sallama.