Mai Wankin Gawayi

Sana'arsa aski, amma duk layin babu mai kiransa mai aski. Mai Wankin Gawayi ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa.

A shagonsa akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da fitila a samansa, a ciki ga ƙananan kifaye, ga wani jan reshen murjani mai rai, irin mai tsirowa a ƙasan teku, da yake kira Uwar Ɗaki. Ita yake fara gaisarwa da safe, matarsa ta biyo baya. Da ruwan ya fara yin rawaya, sai ya ɗauko gawayi na musamman, tsaki-tsaki, irin mai tsotse datti, ya cusa a safa, ya tsuguna bakin famfo yana ɗauraya kafin ya jefa a matatar akwatin. Mutumin da zai bar ka da rabin aski ya tafi wankin gawayi, ai dole a yi magana. Matarsa kuwa duk safar da ta saya, ƙafa ɗaya ce ke kwana a gidan.

Da Uwar Ɗaki ta fara yaushi, hankalinsa ya tashi. Ya ce datti ne. Ya ninka gawayi, ya sake ninkawa. Ruwa ya yi garau har ido ya daina ganinsa. Wani tsoho da ya zo aski ya ga kifi na yawo a iska, ya fice da ƙyallen aski a wuya, har yau bai dawo ba.

Yayarsa ta ɗauka ya zauce, ta zo da niyyar kai shi asibiti, ta same shi bakin famfo.

"Ƙanena, gawayin nan fa ba zai yi fari ba."

"Ba fari nake nema ba, Yaya. Uwar Ɗaki nake so ta tashi."

Ashe rawayar da yake yaƙi da ita ce ke kare Uwar Ɗaki daga zafin fitilar akwatin. Da ruwa ya yi tas, haske ya sauka a kanta babu shamaki. Wata safiya ya buɗe shago ya tarar da ita fara fat, ta mutu. Ya zauna a kujerar aski ya yi kuka sosai, abin tausayi.

Matarsa ta shigo, ta dube shi, ta dubi akwatin. Ta sunkuya ta cire safar da ta rage mata, ta miƙa masa.

"Tashi, Maigida. Kifayen fa suna nan da rai."